Gaisuwa da ban kwana da Ingilishi: amsa ga mai karɓar baƙi a Yamai

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ƴar Tahoua ce, na samu aiki a teburin karɓar baƙi na wani otel a Yamai. Faransanci ba ya ba ni wahala, amma Ingilishin da na yi a koleji da lise ya tsaya a takarda. Baƙinmu akwai ƴan Nijeriya da ƴan Gana, da Indiyawa da Sinawa da Turkawa, wani lokaci har da Turawa. Kwanan baya na tarbi wani da “Good night” da ƙarfe tara na dare, sai ya yi dariya. Wani kuma da safe na tambaye shi “How was your night?”, ya dube ni wani iri. Don Allah a warware mani yadda ake gaisuwa da ban kwana ba tare da na ji kunya ba.

Amsa: Barka kadai ƴar'uwa, Allah ya sanya albarka a aikin. Kurakuran nan biyu tushensu ɗaya. Kina gaida mutum a zuci da Hausa ko da Faransanci, sannan ki juya gaisuwar zuwa Ingilishi, kalmomin su fito daidai amma al'adar da ke tafe da su ta ƙi bin su. Kuma ba ke kaɗai ba ce. Tun da kundin sake gina ƙasa na Nijar na watan Maris 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, ya kuma ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki, masu irin tambayarki sai ƙaruwa suke yi a ofisoshi da shaguna.

Mu fara da agogo, don nan ne ɗan lakwal na Nijar ya fi tuntuɓe. “Good morning” tana aiki daga asuba har zuwa ƙarfe 12 na rana, ko da rana ta take. Da zarar 12 ta gota sai “Good afternoon”, ita ce kuma za ki riƙe har wajen ƙarfe 5 ko 6 na yamma. Daga nan, wato kusan magariba, sai “Good evening”, kuma ita ce gaisuwar haɗuwa har tsakar dare. Baƙon da jirginsa ya sauka a filin Diori Hamani ya iso otel ƙarfe 11 na dare, “Good evening” za ki ce masa. Idan ya shigo ƙarfe 2 na dare, wasu ma'aikata kan ce “Good morning” saboda agogo ya juya, amma “Hello, welcome” ta fi sauƙi, ba wanda zai ga laifinta.

Matsalar tana zuwa ne daga “bonsoir”. A nan Yamai da zarar an yi azahar, wani ma tun ƙarfe 12 da ƴan mintoci, sai ki ji an koma “bonsoir”. Mai wannan sabo idan ya juya ta sai ya ce “Good evening” ƙarfe 2 na rana, ana tsakiyar zafi. Mai jin Ingilishi zai ɗauka kin ruɗe da lokaci. Tsakanin azahar da bayan la'asar wurin “Good afternoon” ne, kar ki tsallake ta.

Ita kuwa “Good night” da ta ba baƙonki dariya, ba a tarbar kowa da ita. Daidai take da “sai da safe” ko “mu kwana lafiya”. Wato mutum ya shigo da jakarsa, ke kuma kin sallame shi tun bai ce uffan ba. Ki ajiye ta sai lokacin da ya karɓi makulli ya nufi ɗakinsa, ko ke kika tashi daga aiki da dare kina sallamar abokan aiki. Akwai kuma “Good day”, wadda mutane ke ɗauka ita ce “bonjour”. Za ki gan ta a saƙonnin ƴan Nijeriya da Indiyawa, babu laifi ki amsa masu da ita, amma a kunnen mutumin Ingila ta tsufa ƙwarai, ba a jin ta a hira. Idan kina shakkar lokaci gaba ɗaya, “Hello” ba ta da agogo, kuma ba ta da raini. “Hi” ta tsara ce da wanda aka saba da shi. “Hey” kada ki kusance ta a wurin aiki.

Sai abu na biyu, wanda a ganina ya fi na agogo muhimmanci, kuma littattafan lakwal ba su cika faɗarsa ba: Ingilishi ba ɗaya ba ne. Wanda ake yi a Sakkwato da Kano da Legas da Akara ya sha ruwan harsunanmu, ya ɗauki gaisuwarmu. Shi ya sa “How was your night?” gaisuwa ce ta yau da kullum a Nijeriya, ita ce “ina kwana” da aka sa wa rigar Ingilishi, ɗan Nijeriya zai ce maki “Fine, thank you” ya wuce. Ba'amurke ko mutumin Ingila kuwa, sai dai idan abokinsa ne da ya san inda ya je jiya, yana jin ta kamar ana binciken abin da ya aikata cikin dare. Abin da ya dace da mai otel shi ne “Did you sleep well?”, ko “I hope you slept well”. Wannan kowa ya yarda da ita daga bakin mai masauki, domin gadon da ɗakin naku ne, hakkinki ne ki tambaya.

Haka “sannu da aiki”. Ɗan Nijeriya idan ya wuce ki kina aiki zai ce “Well done”, ki amsa da “Thank you”. Amma idan kika ce wa Bature “Well done” yana zaune yana danna kwamfuta, zai rasa me ya gama da har ake yaba masa, don a wurinsa yabo ne na wanda ya kammala abu, kuma galibi babba ke faɗa wa ƙarami. Ingilishin Turai da Amurka ba shi da “sannu da aiki”, “Hello” kawai ake cewa a wuce. “Sannu da zuwa” da “bonne arrivée” kuwa “Welcome” ce, ko “Welcome to Niamey”, wanda ya taɓa sauka a wurinku kuma “Welcome back”. Kada ki ce “Good arrival”, babu ita. “You're welcome” amsar godiya ce, wato “ba komai”, ko da yake ƴan Nijeriya da ƴan Gana suna tarbar baƙo da ita, don haka idan kin ji ta a bakinsu ba kuskure suka yi ba, nasu salon ne.

Kalmar “sannu” ita kanta, da muke yi wa wanda ya yi tuntuɓe da marar lafiya da wanda aka yi wa rashi, Ingilishin Nijeriya ya tattara ta cikin “Sorry”. Ki ce wa Bature “Sorry” don ya buge da ƙofa, zai ce maki ai ba laifinki ba ne, domin shi ya ji kina neman gafara. A wurinsa kowane hali da kalmarsa. Wanda ya yi tuntuɓe, “Are you OK?”. Marar lafiya, “I hope you feel better soon”. Wanda aka yi wa rasuwa, “I'm sorry for your loss”. Mai atishawa, “Bless you”. Mai cin abinci, “Enjoy your meal”. Idan ɗan Gana yana cin abinci ya ce maki “You are invited”, bisimillarmu ce, ki ce “Thank you” ki ci gaba da aikinki.

Abin da nake ba ki shawara shi ne ki riƙe salon da kowa ke fahimta a bakinki, ki kuma buɗe kunne ga salon maƙwabta. Indiyawa da Sinawa da Turkawa, waɗanda su ma koyon Ingilishin suka yi, sun fi gane gajeren zance na littafi. Ɗan Nijeriya kuma da zai ce maki “How far?” ko “How body?”, Burokan ne yake yi, yana nuna sabo. “Fine, thank you, sir” ta ishe shi. Kar ki mayar masa da “How far?” a gaban maigidanki.

Yanzu “How are you?”. Mu idan muka fara gaisuwa sai mun bi layi: ina kwana, ina gajiya, ina gida, ina yara, ina aiki, ina zafi, ina labari, kowacce da amsarta. Gaisuwar Ingilishi zagaye ɗaya ce, ta ƙare cikin daƙiƙa biyar zuwa goma. Ga yadda take a teburinki:

“Good afternoon, sir. Welcome. How are you?”
“Fine, thanks. And you?”
“Very well, thank you. How can I help you?”

Shi ke nan, an shiga magana. Idan kika ƙara da tambayar gida da yara da aiki ga mutumin da ba ki sani ba, zai fara tunanin ko akwai abin da kike nema. Shi ma da ya taƙaita ba wulaƙanci ya yi maki ba, a wurinsu rashin ɓata wa mutum lokaci shi ne ladabi. Wuri ɗaya da al'adun biyu suka haɗu shi ne amsar. Kamar yadda Bahaushe ke cewa “lafiya lau” ko yana kwance asibiti, haka “How are you?” ba a amsa ta da labarin ciwon kai. Ki ce “Fine”, “Good” ko “Very well”, kuma kada ki manta da mayar da tambayar, “And you?”, don barin ta yana sa a ga kamar ba ki damu da mutum ba. A lakwal an koya mana “I am fine, thank you, and you?” a rere kamar karatun allo. Daidai ce, sai dai ki sassauta ta, ki ce “I'm” maimakon “I am”.

Idan kina son ki nuna kulawa irin ta “ina gajiya”, ki tambayi abu ɗaya da ya shafi zuwansa: “How was your flight?” ga wanda ya zo ta jirgi, “How was your trip?” ga wanda ya biyo hanya. Zancen yanayi ma ba ya ɓaci, musamman a Afrilu da Mayu da zafin Yamai ke haura digiri 40: “It's very hot today, isn't it?”. “How's the family?” sai wanda ya saba sauka ya taɓa yi maki zancen iyalinsa. Shekaru da aure da yawan ƴaƴa da addini da albashi, ki bar su sai idan shi ya kawo.

Akwai ƴan gaisuwa masu kama da tambaya da kan ruɗa mai koyo. Mutumin Ingila yakan ce “You all right?”, ba wai ya ga alamar rashin lafiya a fuskarki ba, ki ce “Yes, thanks. You?”. Ba'amurke yakan ce “What's up?”, amsarta “Not much”. “How do you do?” da ke cikin tsofaffin littattafai ta kusa ɓacewa, idan wani dattijo ya faɗa maki ita, ita ɗin ake maimaita masa. Ranar farko da aka gabatar da ke ga mutum ki ce “Nice to meet you”. Haɗuwa ta biyu kuwa “Nice to see you again”. Wanda kika sake ce wa “Nice to meet you” bayan ya kwana uku a otel ɗinku, kin gaya masa kin manta da shi.

Batun suna yana buƙatar natsuwa, domin tsarinmu ya bambanta. Mu mukan ce Malam wane, Hajiya wance, “Monsieur” wane, da sunan yanka. A Ingilishi “Mr” tana tafiya da sunan iyali. Wanda fasfonsa ya nuna John Smith, “Mr Smith” ne, ba “Mr John” ba. Ki duba layin da aka rubuta “Surname”, shi ne “Nom” na takardunmu, ki yi amfani da shi. Wannan zai tsare ki daga kuskure da Sinawa, waɗanda sunan iyali ke zuwa farko a wurinsu. Mace kuma, “Mrs”, ana furta ta “misiz”, ta matar aure ce, “Miss” ta budurwa, “Ms”, ana furta ta “miz”, ba ta nuna ko ɗaya, don haka ita ce mafita idan ba ki sani ba. “Sir” da “Madam” su kaɗai ake faɗarsu, ba a haɗa su da suna. Amurkawa “Ma'am” suke cewa, ƴan Nijeriya “Ma”. Su ƴan Nijeriya suna ji da laƙabi, idan katin mutum ya ce Alhaji ko Dr ko Chief ko Engineer, ki kira shi da shi, za ki ga fuskarsa ta saki. Bature kuwa yakan ce “Call me John” tun ranar farko. Idan ya ce haka ki kira shi John ɗin, nacewa kan “Mr” bayan ya sauƙaƙa maki yana sa shi jin kina nesanta kanki. “My dear” da “my friend” ki cire su daga bakinki a wurin aiki. Ta farko tana iya sa namiji ya fassara ki wata fassara, ta biyu kuma a Nijeriya sau da yawa da ita ake buɗe faɗa.

Hannu fa? Nasu musabaha ce gajera, riƙo ɗaya mai ɗan ƙarfi na daƙiƙa biyu ko uku, ana duban ido, a saki. Ba a riƙe hannu ana ta jero gaisuwa. Idan ba kya ba maza hannu, ki riga shi: ki ɗora hannun dama a ƙirji, ki ɗan sunkuyar da kai da murmushi tun kafin ya miƙo nasa. Idan ya riga ya miƙo, “Sorry, I don't shake hands, but it's nice to meet you” ta wadatar, mafi yawan masu zuwa ƙasashen Musulmi sun san da haka. Amma ki dube shi lokacin da kike magana. Sunkuyar da ido da muke ɗauka kunya ce, su suna iya ɗaukarsa rashin kulawa. Musulmi kuma ko daga ina ya fito, Turkiyya ko Pakistan, idan ya yi maki sallama ki amsa sallamarsa, sannan Ingilishi ya biyo baya.

Ban kwana ya fi sauƙi, sai dai yana da tarko biyu ko uku. Baƙon da zai fita gari da safe, “Have a nice day”, ita ce “bonne journée”. Da yamma, “Have a good evening”. Amsar duka biyun “Thanks, you too”. Wanda ya biya kuɗi zai bar otel, “Thank you for staying with us. Have a safe trip”, wato “Allah ya kiyaye hanya”. “Safe journey” ma ana ji, musamman a bakin ƴan Nijeriya da ƴan Gana. “Goodbye” ta ɗan yi nauyi, ta dace da babba da kuma rabuwa mai tsawo, “Bye” ta kullum ce. “A gaida gida” ki ce “Say hello to your family”, ko a harshen girmamawa “Give my regards to your family”, ga wanda kuka saba. Wanda kuka haɗu yau kaɗai, “It was nice meeting you”.

Tarkon farko “See you later”. Ba alkawari ba ne, “sai an jima” ce, mai faɗarta yana iya hawa jirgi a daren bai sake dawowa ba. Na biyu ya fi yawan jawo rikici: “ina zuwa”, ko “j'arrive”, da muke faɗa muna tafiya. Idan kika ce “I'm coming” kika juya baya kika shige ciki, ɗan Nijeriya ya gane, amma Bature zai tsaya yana mamakin mai cewa tana zuwa alhali tafiya take. Ki ce “I'll be right back”, ko “Just a moment, please”. Na uku, gane lokacin da mutum ke neman tashi. Mai Ingilishi ba ya yanke hira kai tsaye, yakan share fage da “Anyway”, ko “I should get going”, ko “I won't keep you”. Da kin ji ɗaya daga cikinsu, kar ki buɗe sabon zance, ki ce “Of course. Have a good day”. Ke ma idan wani ya tsare ki da surutu ga layi na jira, “It was nice talking to you. Please excuse me” za ta fitar da ke ba tare da ɓacin rai ba. Rakiya har bakin mota ba dole ba ce a wurinsu, amma ban taɓa jin ta zama laifi ba.

A waya, ki haɗa gaisuwa da sunan wurin da tayin taimako cikin numfashi ɗaya: “Good morning”, sunan otel, sannan “How can I help you?”. Idan kina son sanin mai kira, “Who's calling, please?” ake cewa. “Who are you?” tana fita kamar tsawa. Ke kuma idan kika kira, “This is” sannan sunanki, ba “I am” ba. A saƙon WhatsApp, kuskuren da ya fi yawa shi ne a aika “Hello” ita kaɗai a zauna jiran amsa, a sake aika “How are you?” a sake jira. Mu a wurinmu ladabi ne kada a faɗa wa mutum da buƙata, su kuwa sun fi son gaisuwa da buƙata cikin saƙo guda. Ki kuma lura da bambancin lokaci kafin ki rubuta “Good morning”. Ƙarfe 10 na safe a Yamai, 10 ne a Legas, 9 a Akara, 12 a Istanbul, 1 na rana a Dubai, 2 da rabi a Indiya, 5 na yamma a Sin. Idan lissafin zai ɗauke maki lokaci, “Hello” da sunan mutum sun isa. A wasiƙar imel kuma, “Dear Mr Smith” a sama, “Kind regards” ko “Best regards” a ƙasa. Doguwar jimlar nan ta rufe wasiƙar Faransanci, wato “Veuillez agréer” da aka horar da mu a kanta kada ki fassara ta, Ingilishi ba ya ɗaukar ta. Idan takarda ce ta hukuma a salon Ingila, wadda aka buɗe da sunan mutum ana rufe ta da “Yours sincerely”, wadda aka buɗe da “Dear Sir or Madam” kuma da “Yours faithfully”.

Saura furuci, don gaisuwa daidai da ba a gane ta ba ba ta yi amfani ba. Faransanci ya saba mana da haɗiye harafin h, sai ki ji ana “ello”, “aw ar yu”. Hausa tana da wannan sauti, ki fitar da shi kamar a “hanya” da “haƙuri”. Ke da kike ƴar Adar, inda ake cewa “lahiya”, ki kula da f ta “fine” da “afternoon”: haƙoran sama ne ke taɓa leɓen ƙasa, iska ta fita tsakaninsu. Ita kuma p ta “please”, leɓɓa biyu ake haɗewa a sake su da ƙarfi, kar ta koma f. Sautin farko na “thank you” shi ne na harafin Larabci mai ɗigo uku da ke bin ta'un a jerin baƙaƙe, kan harshe tsakanin haƙora, duk wadda ta yi karatun tajwidi ta riga ta iya shi. “Evening” gaɓa biyu ce, “iv-nin”, ba uku ba. “Afternoon” kuma nauyinta a ƙarshe yake, kan “nun” mai tsawo.

Ki ɗauki jimloli goma da aikinki ya fi buƙata, ki naɗi muryarki a waya kina faɗarsu, ki saurara, ki gyara, har su riƙa fita ba tare da kin tsaya tunani ba. Ki sa waɗannan biyu a cikinsu, domin bayan gaisuwa mai kyau baƙo yakan ɗauka kin ƙware ya sako zance da gudu: “Sorry, could you say that again?” da “Could you speak more slowly, please?”.